Tashar Rigasa: jirgi ya iso Kaduna, fasinja bai isa gida ba

Da zarar jirgin Abuja ya tsaya a Rigasa aka buɗe ƙofofin taragai, sai ka ga ɗaruruwan mutane sun kwararo lokaci guda, kowa da jakarsa, kowa da waya a kunne. Masu direba suna tambayar inda aka ajiye mota. Sauran jama'a kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa, bakin ƙofa suke nufa su faɗa hannun masu tasi da masu keke. "Hajiya, ina muka dosa?" "Alhaji, shata ce ko lodi?" "Kawo, saura mutum ɗaya!" A nan ake fara wata tafiya ta biyu wadda ba a rubuta ta a jikin tikiti ba. Ba ta da jadawali, ba ta da tsayayyen farashi, kuma da wuya ka samu hukumar da za ta bugi ƙirji ta ce ita ke da alhakinta.

Wannan tafiya ta biyun nake son bin diddiginta. Jirgin kansa an sha magana a kansa, an yabe shi, an yi kuka da shi. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne yadda tashar ta haɗu da garin da aka ce tasa ce, da kuma wanda ke biyan kuɗin giɓin da ke tsakaninsu.

Garin dogo da aka kai wa tasha bayan gari

Kaduna gari ne da dogo ya haifa. Layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Baro ya isa Kano a 1911, shekara ta zagayo aka haɗe shi da na Legas. A 1917 aka tashi hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna, kuma dogo da ruwan kogi na cikin abubuwan da suka ja hankali. Daga baya layin gabas da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗe da na Legas a kudancin garin. Gidajen ma'aikata, kasuwanni, masaƙun Kakuri, duk a gefen dogo suka tsiro. Mutumin da ya sauka a tsohuwar tasha, cikin gari ya sauka. Ba ya bukatar wani ya yi masa tsarin sufuri, ƙafarsa ma ta isa ta kai shi bakin titin da motoci ke wucewa.

Sabon layin ba haka ya zo ba. Shi mai faɗi ne, milimita 1,435 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, tsohon kuwa 1,067, don haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Tun zamanin Obasanjo, a 2006, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar sabon layin Legas zuwa Kano, sai daga baya aka yanka aikin kashi-kashi. Kashin Abuja zuwa Kaduna aka fara da shi, a 2011, zamanin Jonathan. Tsawonsa kilomita 186, ya ci dala miliyan 874 ko kusa da haka, kuma dala miliyan 500 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na Sin. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 26 ga Yuli, 2016. Tashoshi tara ne a kansa, daga Idu a Abuja, a bi ta Kubwa da Jere da Rijana, a ƙare a Rigasa.

Me ya sa Rigasa? Duk wanda ya buɗe taswira zai gane ba tare da an faɗa masa ba. Jirgi mai gudu yana son miƙaƙƙiyar hanya, ba ya son kwana mai tsini. Kutsa sabon layi ta tsakiyar Kaduna na nufin rushe gidaje masu yawa da biyan diyyar da za ta iya haɗiye kuɗin aikin. Sannan layin ba a Kaduna aka yi niyyar ya tsaya ba, Kano ya nufa, don haka ya fi sauƙi ya zagaye gari ta yamma ya miƙe arewa. A wurin injiniya wannan shawara ce mai kyau, kuma ni ban ga laifinta ba. Ba Kaduna kaɗai aka yi wa haka ba: tashar Ibadan ta sabon layin da aka buɗe a 2021 tana Moniya ne, can wajen gari, Idu ma unguwar masana'antu ce a gefen Abuja. Laifin yana wani wurin. In ka kai tasha bayan gari don ka rage kuɗin gini, to kuɗin da ka rage bai ɓace ba, ka mayar da shi ne kan fasinja, zai riƙa biya kullum a hannun mai keke, sai fa in ka tanadi abin da zai kwaso shi daga cikin gari.

Ita kuma Rigasa ba daji ba ce da za a zana yadda ake so. Unguwa ce mai ɗimbin jama'a, tana cikin mafiya cunkoso a Kaduna, mazaunanta galibi masu ƙaramin ƙarfi ne, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ma'aikata da malaman makarantun allo da na Islamiyya. A rayuwa cikin birnin Kaduna take, amma a takarda ƙarƙashin ƙaramar hukumar Igabi take, wadda hedikwatarta ke Turunku, nesa da ita. Shekaru da dama mutanen unguwar suna neman a ba su ƙaramar hukuma tasu. Babbar ƙofar shigarta daga cikin gari ita ce Bakin Ruwa, a kan titin baifas na Nnamdi Azikiwe, kuma ta wannan ƙofa mai zuwa kasuwa da ɗan makaranta da mai neman jirgi duk suke bi.

Abin da ya cika tashar

A watannin farko jirgin abin sha'awa ne, ana hawa da iyali don a gani. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, a watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na kusan mako shida don gyara titin saukar jirage, aka karkatar da zirga-zirga zuwa filin Kaduna. Manyan mutanen da ba su taɓa jin sunan Rigasa ba suka san hanyarta. Na biyu, kuma shi ne babba, garkuwa da mutane ta yi ƙamari a kan titin Abuja zuwa Kaduna, musamman wajen Rijana da Katari. Sai aka wayi gari ɗan majalisa da babban soja da attajiri da ɗalibi duk sun bar titi sun dawo dogo. Ba sauri ne ya kawo su ba, tsoro ne.

Bukata ta ninka abin da ke akwai. A watan Janairun 2018 aka ƙaro taragai da kawunan jirgi, amma hakan bai kashe ƙishirwar ba. Cuwa-cuwar tikiti ta zama labarin da jaridu suka yi ta bugawa: a ce tikiti ya ƙare a taga, alhali ana sayar da shi a waje da tsada. A Janairun 2021, lokacin Rotimi Amaechi na ministan sufuri, aka fara sayar da tikiti ta intanet. Wannan ya rage wa masu wayar zamani wahala. Amma ya kamata a lura da wani abu: kafin zuwan manhaja, nisan tashar na cikin abin da ya ba 'yan cuwa-cuwa ƙarfi. Mutumin da ya biya kuɗin shata daga Sabon Tasha, ya iso da kaya, aka ce masa babu tikiti, ba zai juya ba. Zai biya duk abin da aka yanka masa, domin komawa gida ma kuɗi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwamnatin jiha, a zamanin Nasir El-Rufa'i, ta yi wani abu da ya kamata a ambata: an tagwaita hanyar da ta nufi tashar, an kuma yi manyan ayyukan tituna a cikin gari, har da sabuwar gadar sama ta Kawo. Wanda ya san hanyar Rigasa a da, ya san an samu sauƙi. Sai dai titi abu ne daban, abin hawa abu ne daban. Titi mai kyau mai mota yake fara yi wa amfani. Shi kuwa wanda ba shi da mota, abin da yake jira shi ne bas ɗin da zai tashi daga wuri sananne, a lokaci sananne, a kan kuɗi sananne, ya sauke shi kafin jirgi ya tashi. Wannan shi ne abin da tashar ba ta taɓa samu a tsaye ba, irin wanda mutum zai dogara da shi ya kwana da saninsa.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida

Hukuma tana ƙirga tafiya daga Rigasa zuwa Idu, sa'o'i biyu da 'yan kai a lokacin da komai ke tafiya daidai. Fasinja kuwa daga ƙofar gidansa yake ƙirgawa.

A ɗauki mai zama a Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha, wato kudu da kogi. Kafin ya kai Rigasa sai ya ƙetare ruwa, ya hau baifas, titin da manyan motocin dakon kaya masu ratsa gari ke bi dare da rana. In tirela ɗaya ta lalace a hanya, lissafinsa ya rushe. Saboda haka yakan fito da wuri ƙwarai, ya je ya zauna jira. Abin da ke ci masa rai shi ne, shi fa gidansa ya fi kusa da hanyar Abuja. Da mota ce, da ya fita ta Command Junction ya kama hanya. Don ya hau jirgi sai ya yi arewa da yamma tukuna, sannan jirgin ya dawo da shi kudu. Mai zama Unguwar Rimi ko Malali shi ma sai ya ratsa gari gaba ɗaya, ta Tudun Wada ko ta Badiko, kafin ya ga Bakin Ruwa.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne wanda Kaduna ba ita ce ƙarshen tafiyarsa ba, kuma ba su da kaɗan. Rigasa a yau tashar Zariya ce, tashar Kano ce, tashar Katsina da Funtuwa da Gusau ce, tunda nan dogon ya tsaya. Motocin waɗannan garuruwa a Kawo suke lodi, wasu a Mando. Direbobi sun ga kasuwa, sai wasu suka riƙa zuwa bakin tashar suna ɗaukar fasinjan Zariya da Kano kai tsaye. Sun toshe wata ɓaraka, babu shakka, amma kuɗinsu ya fi na tashar mota, kuma in ba ka yi sauri ba mota ta cika ta bar ka.

Na taɓa rako gwaggona da ta taso daga Zariya za ta Abuja barkar haihuwar 'yarta. Tun bayan sallar asuba ta bar gida. Na tarbe ta a Kawo, da buhun garin kunu da ƙullin daddawa da kayan jariri. Mai keken da muka samu wani saurayi ne mai natsuwa. Ya dubi kayan ya dube ta ya ce, "Mama, jirgin ƙarfe nawa za ku bi?" Da ya ji, sai ya ce, "To Malam, mu bar babban titi, akwai gosulo a gaba, mu bi ta cikin unguwa." Ya yi ta kurɗawa da mu lungu-lungu har muka iso da sauran lokaci. Gwaggo ta ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ina tsaye ina kallonta tana shiga, sai na lissafa: mota daga unguwarsu zuwa tashar Zariya, mota zuwa Kawo, keke zuwa Rigasa, jirgi, sannan wata motar daga Kubwa zuwa gidan 'yarta. Abin hawa biyar, huɗu daga ciki babu wanda ya tsara su da jirgin. Abin da ya kai ta kan lokaci a ranar shi ne sanin hanya da kirkin wani yaro.

Ba na cikin masu zagin masu keke da masu tasi. Su ne suka riƙe tashar nan tun ranar da aka buɗe ta. Amma sana'arsu tana da lissafinta. Jirgi sau ƙalilan yake zuwa a yini, direba zai yi sa'o'i yana jira, ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sau da yawa ya dawo babu kowa. Dole ya ɗora kuɗin jiran da na dawowar a kan wanda ya ɗauka. Ga kuma fetur: tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa. Tikitin jirgi na gama-gari da aka sa naira 3,600 a Disamban 2022 gwamnati ce ke riƙe da farashinsa, kuɗin shata kuwa kasuwa ce ke yanka shi. Don haka ba abin mamaki ba ne mutum ya haɗa abin da ya kashe a Kaduna da abin da ya kashe a Abuja, ya tarar ya kamo kuɗin tikitin ko ya wuce shi. Rangwamen da aka yi wa talaka a kan dogo, a bakin ƙofa yake zubewa.

Filin jirgin sama shi ma a yammacin gari yake, ta wajen Mando, ba wani nisa na a zo a gani ba daga Rigasa in aka duba taswira. Amma tun bayan makonnin nan na 2017 da aka yi jigilar gaggawa, babu wata tsayayyar haɗaka tsakanin wuraren biyu da matafiyi zai dogara da ita. Haka tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Kakuri a Janairun 2018: a kan tsohon layi take, sabon bai taɓa ta ba. Gari ɗaya, dogo biyu, ba sa gaisawa.

Tuwon kowa, miyar babu mai ita

Cikin shingen tashar na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wato NRC, hukumar tarayya da aka kafa da dokar 1955. Aikinta ya ƙare a ƙofa. Titin da ke gaban ƙofar na jiha ne. Baifas na tarayya ne. Kula da zirga-zirga na KASTLEA ne, hukumar kula da tituna ta jihar Kaduna, da 'yan sanda. Layin masu tasi da masu keke ƙungiyoyinsu ke tsara shi. Unguwar kanta ta Igabi ce. Kowannensu zai iya rantsuwa cewa ya yi nasa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da babu shi ne teburin da mai tsara jadawalin jirgi zai zauna da mai tsara hanyoyin bas, a ce jirgi zai iso ƙarfe kaza, to bas kaza za su tsaya a nan, ɗaya ta yi Kawo, ɗaya ta yi Kasuwar Sheikh Gumi, ɗaya ta ƙetare ruwa zuwa Sabon Tasha.

A da akwai uzuri, domin harkar dogo a kundin tsarin mulki ta tarayya ce ita kaɗai. A Maris ɗin 2023 aka sa hannu kan gyaran da ya ba jihohi damar shiga. Amma ko kafin nan, babu dokar da ta hana jiha ajiye bas a ƙofar tasha.

Daren 28 ga Maris

Ba a maganar Rigasa a tsallake wannan dare. Tun a Oktoban 2021 an dasa abin fashewa a kan dogon, aka lalata wani sashe, alamar cewa waɗanda suka addabi titi sun juyo. Ranar 26 ga Maris, 2022 aka kai hari filin jirgin saman Kaduna. Kwana biyu bayan haka, ranar Litinin 28 ga wata, jirgin yamma da ya taso daga Abuja ya taka bam a yankin Katari, 'yan bindiga suka buɗe masa wuta. An kashe aƙalla mutum 8, an yi awon gaba da sama da 60. Waɗanda suka je tarbar 'yan'uwansu a Rigasa sun kwana tsaye a ƙofar da suka saba jira. Rukunin ƙarshe na mutum 23 ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai ranar 5 ga Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sanyaya zukatan iyalansu.

Jirgi bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba, bayan wata takwas. A waɗannan watanni aka ga yawan bakin da ke ci daga tashar: mai keke, ɗan dako, mai shayi, mai abinci, mai cajin waya, mai POS, mai gadin motoci. Kasuwa ce guda da ta taso da kanta, ta mutu a dare ɗaya, babu wanda ya ƙirga asararta.

Da aka dawo, an dawo da sabbin sharuɗɗa. Sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ake sayen tikiti, an rage yawan tafiye-tafiye, an janye na dare. Ta fuskar tsaro akwai hujja. Ta fuskar haɗuwar tasha da gari kuwa, wannan ya ƙara wa matsalar nauyi. Lokacin da jirgi ke tashi sau da yawa, wanda gosulo ya riƙe zai jira na gaba. Da tafiye-tafiyen suka ragu, rasa jirgi ɗaya na iya zama rasa yini guda, ko komawa kan titin da aka gudo daga gare shi. Kuma duk lokacin da aka dakatar da aiki, kamar bayan da jirgi ya sauka daga kan dogo a Asham, kan layin Abuja zuwa Kaduna, a watan Agustan 2025, masu abin hawa sukan watse su nemi wata hanyar ci, sai an sake tara su daga farko.

Abin da Idu ta koya mana

A ɗaya ƙarshen layin an gwada wani abu daban, kuma darasinsa yana da ɗaci da daɗi. An gina jirgin cikin birnin Abuja, mai tashoshi 12, aka haɗa shi da layin Kaduna a Idu. A tsari, mutum zai sauka daga jirgin Kaduna ya hau na cikin gari, ya sauka a tsakiyar birni ko a filin jirgin sama. An buɗe shi a Yulin 2018. Amma tashoshinsa da dama babu hanyar mota mai kyau da ke kaiwa gare su, jiragen ba su da yawa, fasinja ya yi ƙaranci. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, ya yi shekara huɗu a kwance. Sai ranar 29 ga Mayu, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi, bayan an gina hanyoyin shiga tashoshin, aka kuma bar mutane suna hawa kyauta na wani lokaci.

Abin lura a nan shi ne, Abuja ta samu abin da Kaduna ke mafarki, wato dogo na biyu, amma bai yi aiki ba sai da aka koma aka gyara ƙananan abubuwa: hanyar shiga, wurin ajiye mota, lokacin tashi. Kuma duk da haka, fasinjan Kaduna da yawa a Kubwa suke sauka, domin daga can sun fi saurin samun motar da za ta kai su unguwanninsu. Ƙafar mutane tana nuna inda tasha ta fi amfani, ko da takarda ta ce wata ce babba.

Kafin jirgin Kano ya iso

A Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203. A Fabrairun shekarar aka ƙaddamar da na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Nijar. Ayyukan sun yi ta jan ƙafa saboda kuɗi, amma duk ranar da suka kammala, Rigasa ta tashi daga ƙarshen layi ta koma tsakiyarsa. Mutanen Zariya da Kano za su daina sauka, su wuce abinsu, motocin da ke jiransu a ƙofa za su rasa kasuwa. A madadinsu za a samu sababbin baƙi: ɗan kasuwar Kwari ta Kano da ya zo Kaduna ya koma a yini, ɗalibin Samarun Zariya, Bamaraɗen da ya zo asibiti ko ziyarar dangi. Waɗannan cikin gari za su nufa, kuma yawancinsu ba su da direba.

Gwamnatin Uba Sani ta sanar da shirin jirgin cikin gari mai layi biyu, ɗaya daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha, ɗaya kuma ya taɓo Rigasa, ga shirin bas masu hanyarsu ta musamman daga Kawo zuwa kudancin gari. A 2025 an kuma fito da bas 100 masu amfani da iskar gas. Ina fatan alheri ga duka. Wanda ya girma a Kaduna zai tuna an taɓa gwada jirgin cikin gari a kan tsohon dogo zamanin Gwamna Namadi Sambo, mutane sun hau, daga baya ya lafa. Hanyar tana nan ta ratsa tsakiyar gari, kuma dukiya ce da garuruwa da yawa ba su da irinta.

Amma ni a ganina ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba sai an jira sabon dogo ba. Bas kaɗan da aka ware wa tashar, masu tashi daga Kawo da Kasuwa da Sabon Tasha, waɗanda lokacinsu ke bin lokacin jirgi, in ya makara su jira shi, za su ɗauke rabin wahalar nan. A manna kuɗin kowace unguwa a allo a bakin ƙofa, bayan an zauna da ƙungiyoyin direbobi an yi yarjejeniya, don baƙo ya daina ciniki cikin tsoro. A ba masu keke rumfa da layi da lamba, kada a kore su, domin bas ba ta shiga lungu, kuma su ne za su kai tsohuwa har ƙofar gida. A buɗe wurin sayar da tikiti a cikin gari don wanda ba shi da wayar zamani ya san matsayinsa tun kafin ya biya kuɗin mota. A sa fitila a hanyar da masu ƙafa ke bi daga cikin unguwa, domin mutumin Hayin Malam Bello shi ma fasinja ne, ba mai kallon jirgi yana wucewa kaɗai ba.

Abu ɗaya ne ba ya jira, shi ne fili. Tun da aka buɗe tashar, filayen da ke kewaye da ita suka yi daraja, gine-gine suna ta matsowa. Tashar bas tana son wuri, tashar jirgin cikin gari tana son wuri, kuma dole su kasance kusa da ƙofa, inda mai ɗauke da buhu zai iya takawa. In ba a killace wannan wuri yanzu ba, ranar da za a neme shi sai an rushe shagunan mutane an biya diyya, wato ainihin abin da aka guje wa tun farko da aka kawo tashar Rigasa.